Taurarin Damina da Ruwan Kogi: Lissafin Manazil a Ƙasar Auyo

Duk wanda ya zauna tare da dattawan manoma a ƙasar Auyo a ƙarshen bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙarsa, iska ta juyo daga kudu maso yamma, hadari kuma yana haɗuwa ta gabas da la'asar yana watsewa ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba, zai ji ana ambaton waɗansu sunaye na Larabci waɗanda bakin Bahaushe ya riga ya tausasa, ana cewa Surayya ta fita, muna cikin Dabaran, saura kwana kaza Haƙa'a ta kama. Mai faɗin wannan magana ba lalle ne ya kasance malami ba. Sau da yawa mutum ne wanda iyakar karatunsa izu biyu ko uku ne na makarantar allo, amma ya gaji lissafin daga bakin mahaifinsa, ko kuwa yakan tambayi liman bayan sallar Magariba, domin da shi yake auna ranar da zai fitar da iri daga rumbu, da ranar da zai yi binne, da ranar da ya kamata ya cire rai daga gero ya koma ga wake. Wannan shi ne abin da malamai suke kira lissafin manazil, kuma a zamaninmu ya shiga tsaka mai wuya: waɗansu masu wa'azi suna ƙyamarsa domin sun gama shi da duba, masu ilmin zamani suna raina shi domin sun ɗauke shi camfi, masu duba kuwa suna fakewa a bayansa domin su sami abin da za su sayar. Abin da nake gani shi ne, dukansu uku sun zalunce shi, kuma ƙasar Auyo wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari da idon basira.

Auyo tsohon gari ne a kudu maso yamma da birnin Haɗejiya, cikin kwarin kogin da ya ɗauki sunan birnin. Kafin jihadi yana cikin ƙananan sarautun wannan yanki, irin su Garun Gabas da Gatarwa da Haɗejiya kanta, waɗanda suke kai gaisuwa ga Galadiman Barno mai zama a Nguru, sai a farkon ƙarni na 19, zamanin Umaru da ƙanensa Sambo, aka tara su a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zama masarauta guda. Auyakawa sun taɓa mallakar harshe na kansu, ɗan'uwan harshen Bade da na Ngizim, wanda yau ya shuɗe, babu mai magana da shi. Kuma jama'ar da ta taɓa rasa harshe sukutum ta fi kowa sanin cewa abin da yake a baki kaɗai, bai shiga takarda ba, yana iya ɓacewa tsakanin kaka da jika. Abin da ya bambanta manomin wannan kwari da manomin tudu shi ne ruwa biyu yake jira. Akwai na sama, wanda yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba, akwai kuma na kogi, wanda asalinsa ruwan da ya zuba ne a ƙasar Kano, kogin Kano da na Challawa suka tattaro shi suka haɗe kafin Wudil, ya biyo ta Ringim, ya iso nan ya bazu cikin fadamu, kafin ragowarsa ta wuce ta gamu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa ta nufi tafkin Cadi. Shinkafar fadama tana bukatar na farko domin ta tsiro, tana bukatar na biyu domin ta yi girma. In na kogi ya yi sammako ya same ta tana ƙarama sai ya nutsar da ita, in kuwa ya makara sai ta bushe a tsaye. Mutumin da abincinsa na shekara ya rataya a kan jituwar waɗannan lokuta biyu, tilas ne ya nemi ma'auni.

Ma'aunin da ya fara zuwa hannun Musulmi shi ne watan sama, wanda da shi ake azumi, ake salla, ake hajji, ake lissafin idda, kuma har yau jama'a ba ta ɗaukar azumi ko ajiye shi sai Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar tsayuwar wata. Sai dai shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa watan azumi yake zagaye lokutan shekara, ya faɗo cikin ɗari, ya faɗo cikin damina, ya faɗo cikin bazara, bai komo inda ya taso ba sai bayan shekara 33 ko kusa da haka. Wannan rahama ce ga ibada, domin ba a bar wata al'umma da azumin zafi har abada ba, amma watan Rajab ko na Sha'aban ba ya gaya wa manomi kome game da shuka. Shari'a kuwa ba ta gafala daga wannan ba, tun da ta ɗaura lokutan salla a kan tafiyar rana, ta kuma wajabta zakkar hatsi a lokacin girbi ba tare da jiran cikar shekarar wata ba. Ke nan tun asali Musulmi mai agogo biyu ne, kuma lissafin manazil shi ne agogonsa na biyu.

Yadda abin yake shi ne, magabata sun raba hanyar da wata yake bi a sararin sama gida 28, kowane gida da taurarin da ake gane shi da su. Wata yakan kwana dare guda a kowane gida, rana kuwa takan yi kwana 13 kafin ta ƙetare shi, sai gida ɗaya, watau Jabaha, wanda aka ba kwana 14 domin lissafi ya cika 365. Alƙur'ani mai girma ya ambaci waɗannan masaukai na wata a cikin Suratu Yunus da Suratu Yasin, ya kuma bayyana cewa an ƙaddara su ne domin mutane su san adadin shekaru da lissafi. Larabawa sun san su tun kafin Musulunci, Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekarar 889, ya tattara abin da suka sani a cikin littafinsa na Anwa'i. Abin sha'awa shi ne yadda malamanmu suka karɓi wannan tsari, wanda aka haifa a ƙasar da ruwanta yakan sauka da sanyi, suka zaunar da shi a kan shekarar Bahaushe, suka kasa shi huɗu, bakwai bakwai: bazara, damina, kaka, ɗari.

Taurarin bazara su ne Far'ul Muƙaddam, da Far'ul Mu'ahhar, da Baɗnul Hutu, da Nuɗuhu, da Buɗaina, da Surayya, da Dabaran, kuma a cikinsu ake sharar gona, ake kai taki, ake gyaran fartanya da garma, rijiyoyi suna ja da baya, Fulani suna tattare da shanunsu a cikin fadama inda ɗan kore ya saura. Daga nan sai na damina, waɗanda su ne kowa ya fi riƙewa: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harasan. Biyun farko sukan faɗo ne cikin Yuni zuwa farkon Yuli, kuma a wannan kwari su ne kwanakin ruwan shuka, kwanakin fargaba, domin ruwa yana iya sauka ƙasa ta sha a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke mako biyu tsiro ya ƙone a sake sabon iri. Cikin Zira'a fartanya ba ta hutawa. Nasara da Ɗarfa da Jabaha kuwa su ne zuciyar damina, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, lokacin marka, lokacin da katangun ƙasa suke jiƙa su zube, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yawaita, zazzaɓi ya kama yara, kogi kuma ya fara tumbatsa, kifi ya biyo sabon ruwa ya shiga cikin ciyawa ya zuba ƙwai. Da Harasan ta fita sai Sarfa ta buɗe kaka a farkon Satumba, gero ya nuna, yara su fara gasa tumu. Sa'an nan Iwa da Simaku, inda ruwan sama yake sallama, sa'an nan Gufuru da Zubana da Ikililu da Ƙalbu, inda ruwan fadama yake janyewa, a yanke shinkafa da dawa, a bi laimar da ya bari a shuka wake, masunta su tare tarwaɗa da karfasa a cikin tafkunan da suka yanke daga kogi, tsuntsayen Turai kuma su sauko dausayin Baturiya da na Nguru su yi hunturu. Mai alkama ya san cewa in bai shuka ba cikin Ikililu ko Ƙalbu, watau daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, to zafin Maris zai riski alkamarsa kafin ta cika ido. Na ɗari su ne Shaula, da Na'a'imu, da Bulda, da Sa'adu huɗu, watau Zabihu da Bula'u da Su'udu da Ahbiya, kwanakin hazo da jin wuta da sassafe.

A cikin waɗannan sunaye akwai wanda Bahaushe ya sani tun kafin littafi ya iso masa. Surayya ita ce Kaza da 'ya'yanta, wannan ɗan cincirindon taurari da kowane yaron ƙauye yake iya nunawa. Takan ɓace daga yamma bayan Magariba a wajen ƙarshen Afrilu, domin rana ta kusance ta haskenta ya rufe ta, sa'an nan ta sake ɓullowa ta gabas gab da asuba a cikin Yuni, daidai lokacin da ake sa ran ruwan shuka; in kuwa aka ga tana fitowa ta gabas da faɗuwar rana, to Nuwamba ce, amfani ya shigo gida, sanyi yana bakin ƙofa. A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya fahimci haƙiƙanin abin. Ba Kaza ce take jawo ruwa ba. Abin da yake faruwa shi ne rana takan hauro arewa a bazara, har ta tsaya tsaka a kan ƙasar Haɗejiya a wajen ƙarshen Afrilu, ƙasa ta yi zafi, iska mai laima daga tekun kudu ta biyo ta tana tura busasshiyar iskar hamada baya, kuma inda wannan iska mai laima ta yi kauri nan ruwa yake sauka. Matsayin rana shi ne yake ɓoye wani tauraro ya bayyana wani, shi ne kuma sababin juyawar iska, saboda haka tauraro da ruwa suke zuwa tare, kamar yadda carar zakara take zuwa tare da alfijir alhali ba ita ta keto shi ba. Manomin ƙwarai ma bai taɓa dogara ga tauraro shi kaɗai ba: yana duban isowar shamuwa, yana duban gawo ya fara kakkaɓe ganye sa'ad da sauran itatuwa suke toho, yana shinshinar iska. Har sunayen 'ya'yansa sukan riƙe masa kalanda, ga Shibkau, ga Nomau, ga Anaruwa, ga Marka.

Ta hanyar littattafan Magrib wannan ilmi ya fi shigowa zaurukan malamanmu, kuma daga cikin waɗanda suka yaɗu a Afirka ta Yamma akwai Muƙni'u na Muhammadu ɗan Sa'idu al-Margiti, malamin ƙasar Sus wanda ya rasu a 1678. Tare da su ne watannin da ake kira na Ajam suka shigo, su Yunayar da Fabrayar da Agushta da Dujambar, waɗanda suke bin tsohuwar kalandar Rumawa, wadda a yau take bayan kalandar gwamnati da kwana 13. Wannan na daga cikin dalilan da suke sa a ji malamai biyu sun saɓa da 'yan kwanaki a kan shigar tauraro guda. Malamai sun mai da lissafin waƙa da ajami domin almajiri ya haddace, har wani Bature masanin adabin Hausa, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kan irin waɗannan waƙoƙi ya buga a London a 1967. Ƙasar Haɗejiya kuwa, da yake tana kan hanya tsakanin Kano da Barno, kuma almajiranta tun da can gabas suke nufa neman Alƙur'ani, ta sha daga rijiyoyin biyu.

To, amma a cikin zauren da ake koyon manazil, a kan buzu guda, akwai wani ilmin dabam wanda shi ma da taurari yake magana, kuma a nan ne ruwa ya gauraya. Wannan shi ne ilmin hukunce-hukuncen nujumu, wanda yake da'awar cewa buruji goma sha biyu, daga Hamal zuwa Hutu, da taurari bakwai masu tafiya, suna da tasiri a kan arzikin mutum da aurensa da ajalinsa. An raba kwanakin mako a tsakaninsu, Lahadi ta Rana, Litinin ta Wata, Talata ta Mirrihu, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zuhura, Asabar ta Zuhalu. An raba sa'o'i, wannan ta sa'a, waccan ta nahisa. An raba mutane kashi huɗu, na wuta da na ƙasa da na iska da na ruwa, ana cewa in na wuta ya auri ta ruwa gidan ba zai zauna ba. Ba ƙananan mutane ne kaɗai suka shiga wannan fage ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya yi karatu wurin Shaihu Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira, ya wallafa Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, da Bahjatul Afaƙ a kan hatimai, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, wanda ya ambace shi a cikin littafinsa. Masana lissafi har yau suna yaba hanyoyinsa na tsara hatimi, inda kowane layi na lambobi yake ba da jimla guda, kuma wannan abin alfahari ne na gaskiya ga ƙasar Hausa. Sai dai ƙwarewar mutum a lissafi ba ta zama hujja ga abin da aka ɗora wa lissafin ba.

Abin da ya gangaro daga wannan ilmi zuwa ga talaka shi ne ɗan littafin nan da ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurarin Bagadaza da ya rasu a 886, wanda ake samu a rumfunan masu littattafai a kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni. Hanyarsa mai sauƙi ce: a ɗauki sunan mutum da na mahaifiyarsa, a mai da haruffa lambobi bisa abajada, a tara, a yi ta zubar da sha biyu sha biyu, abin da ya saura shi ne burujinsa. Ina roƙon mai karatu ya gwada wannan da kansa, domin gwaji ya fi gardama. Abajada iri biyu ce, ta Gabas da ta Magrib, kuma dukansu suna hannun malamanmu. A ta Gabas harafin sadi 90 ne, a ta Magrib 60 ne. A ɗauki mai suna Salihu wanda sunan mahaifiyarsa Amina. Amina 96 ce, in an ba harafin ƙarshe 5. Salihu kuwa a lissafin Gabas 129 ne, jimla 225, in an zubar da sha biyu sha biyu saura 9, watau Ƙausu, burujin wuta; a lissafin Magrib 99 ne, jimla 195, saura 3, watau Jauza, burujin iska. Mutum ɗaya, uwa ɗaya, amma ɗabi'arsa da matar da ta dace da shi sun sauya saboda littafin da malam ya buɗe. Da irin wannan ma'auni ake fasa baiko, ake sa wa mace sunan mai farar ƙafa, ake hana majiyyaci tafiya asibiti sai ranar sa'a ta zo, kuma wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai a cikin al'amarin, domin galibi mai rauni ne yake biyan kuɗin.

Malaman Musulunci ba su bar wannan mas'ala a duhu ba, sun raba ilmin taurari biyu: ilmin tafiyarsu, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi, da ilmin da yake jingina musu tasiri. Asalin rabon yana cikin hadisin Zaidu ɗan Halidu al-Juhani, wanda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito, cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da aka idar da sallar Asuba sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina shi ga tauraro kaza ya kafirce wa Ubangijinsa. Imamu Shafi'i ya yi bayanin cewa wanda yake nufin an yi ruwa ne a lokacin tauraro kaza, kamar yadda zai ce a wata kaza, bai shiga cikin wannan narko ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda kusan kowane ɗalibin zaure a ƙasar nan yake bi ta kanta, ta yarda a dubi taurari gwargwadon abin da zai nuna alƙibla da sassan dare, a bar abin da ya wuce haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya tsananta a kan masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko ta taurari, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya keɓe wallafa guda a kan wajabcin nisantar masu rufa-ido da masu duban nujumu. Duk da haka lissafin manazil bai gushe ba ana karantar da shi a cikin daular da suka kafa, ana rera shi a waƙa, domin su sun san iyakar da ke tsakanin abubuwan biyu. Manomin Auyo da ya ce ruwan Jabaha ya yi yawa bana, sa'an nan ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa mu ga alherinsa, yana tsaye ne daidai inda Shafi'i ya halatta.

Akwai kuma wata fuska da masu jayayya sukan manta, ita ce abin da duban sama yake yi wa zuciya. Mutumin da yake tashi ya ga Gamzaki ya san asuba ta gabato, wanda ya iya bambanta alfijir na ƙarya da na gaskiya ba tare da agogo ba, wanda ya ga Zara kusa da jinjirin wata bayan Magariba, wanda ya shekara hamsin yana ganin Kaza tana ɓacewa tana dawowa ba ta taɓa saɓa alkawari ba, irin wannan mutum yana cikin tafakkuri ko da bai san sunan abin ba. Kuma lissafin nasa shi ne yake nuna masa iyakar lissafi. Tauraro yakan shiga a ranarsa, ruwa kuwa ya ƙi zuwa, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, lokacin da kome ya tsaya daidai a sama ƙasa kuwa ta ƙone. A irin wannan hali ba wanda yake zuwa ya roƙi Haƙa'a. Fili ake fita, manya da yara, a yi sallar roƙon ruwa, a juya riguna, a yi sadaka, a nemi gafara. Ga mai shakka a kan aure ko tafiya kuma addini ya ba shi istihara da shawara, waɗanda ba sa bukatar sunan mahaifiyarsa.

Abin da ya fi girgiza wannan lissafi a ƙasar Auyo, a ganina, ba wa'azi ba ne, ba kuma boko ba ne. Kogin ne ya sauya hali. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, a 1992 kuma aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976 domin ta kula da su, aka kuma gina aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda mafi yawansa yake cikin ƙasar Auyo. Ba na musun alherin da ke cikin wannan: mutumin da a da yake tafiya cin rani yau yana noma shinkafa sau biyu, yana fitar da alkama da tumatir da tattasai da albasa. Amma kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani yanzu yana gudana kusan duk shekara, kuma wannan danshi marar yankewa shi ne ya ba ciyawar kacala dama ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka, ta toshe inda ruwa ya saba bi, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa. Sai ya zamana wani wuri ruwa ya daina isa, wani wuri kuma ya kwanta ya ƙi tashi, in damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika suka zubar, ya rasa hanya ya afka wa gonaki da gidaje. Mutanen Auyo da na Haɗejiya ba su manta da ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ba. A da dattijo yana iya cewa in Jabaha ta raba tsaka a sa ido a kan kogi, maganarsa ta yi daidai a mafi yawan shekaru. Yau cikar kogi ta rataya a kan abin da ya taru a Tiga da Challawa, da yawan kacalar da ke cikin kwari, abubuwan da ba a karanta su a sama.

Inda tabbas ya ragu kuwa, nan kasuwar mai duba take ci. Yanzu ba sai an je zaure ba, wayar hannu ta kawo shi har ɗaka: ga masu shelar buɗe tauraro a Facebook da TikTok, ga burujin Turawa da ake fassarawa ana gaya wa yarinya abin da zai same ta a mako, alhali ita da saurayin da ke karanta mata ba wanda zai iya fita tsakar gida ya nuna Kaza da 'ya'yanta. An riƙe ɓangaren da malamai suka hana, an saki wanda suka halatta.

Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, wadda ake kira NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran farawar ruwa da ɗaukewarsa a kowace ƙaramar hukuma, kuma wannan hasashe ɗan'uwan lissafin manazil ne, tun da dukansu kirdado ne bisa al'adar da Allah ya gudanar a cikin halittarsa, ba da'awar gaibu ba. Abin da ya rage shi ne a sa su su yi magana da harshe guda. Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo, ga kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya wadda asalinta makarantar aikin gona ce. Ɗalibansu suna iya zama da dattawa da limamai da sarakunan ruwa tun suna raye, su rubuta abin da kowane gari yake cewa a kan kowane tauraro, su kafa ma'aunin ruwan sama a harabar makarantun firamare, su riƙa ajiye lissafi shekara bayan shekara, a ga abin da ya tabbata daga maganar magabata da abin da ya gota. In kuma ruwan Tiga ko na Challawa zai taho, a yi shela a rediyo da masallatan Juma'a tun da sauran lokaci, a faɗi kwanan wata, a faɗi tauraron da ake ciki da yawan kwanakin da ya yi, a faɗi kwana nawa ruwan zai ɗauka daga Wudil kafin ya iso Auyo.